Yadda za ka zaɓi ma'adana mai sauri da ƙarko ga kwamfutar tebur

Idan kwamfutar tebur tana cin minti uku ko huɗu kafin ta gama tashi, ka danna folda ta tsaya tana nazari, ka buɗe Chrome ta shiga tafiyar hawainiya, akasari ba furosesa ce ta gaza ba, ma'adana ce. Kafin ka kashe ko sisi ka tabbatar. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance ka dubi Disk. In ya kafe a kan 100% alhali CPU, wato furosesa, na wasa tsakanin 10 da 30, ka kama ɓarawon. A Windows 11 da Windows 10 na baya-bayan nan, wurin zai nuna maka ko HDD ne a ciki ko SSD, da lambar samfurinsa a sama ta hannun dama. Rubuta lambar nan ka ajiye, domin a harkar ma'adana lambar samfuri ce ke faɗin gaskiya, ba sunan kamfani ko launin takarda ba.

Inda saurin yake

HDD faifai ne na gaske a cikin gwangwanin ƙarfe. Yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, ga wani siririn hannu mai allura a baki yana shawagi a kansa ba tare da ya taɓa shi ba. Duk sanda kwamfuta ta nemi wani ɗan bayani, sai hannun ya tafi layin da bayanin yake, ya jira faifan ya juyo da shi. Tafiyar da jiran sukan ci milisakan 12 zuwa 15. A ido ba komai ba ne, amma Windows idan za ta tashi dubban ƙananan fayiloli take nema a warwatse, shi kuwa faifan buƙata kusan ɗari kawai yake iya biya a daƙiƙa ɗaya. SSD ba shi da abin da ke motsi a ciki. Yana amsawa a ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milisakan, ya biya buƙatu dubun dubata a daƙiƙa. Wannan shi ne bambancin da hannu ke ji.

Lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali wani abu ne daban: saurin kwashe babban fayil guda ɗaya. A nan HDD mai juyi 7,200 yana ba da MB 150 zuwa 250 a daƙiƙa, SSD na SATA, tsohuwar hanyar jona ma'adana, kusan 550, SSD na NVMe, sabuwar hanya mai sauri, a kan layin PCIe 3.0 kusan 3,500, a kan PCIe 4.0 kuma har 7,000. Kada wannan tsani ya ruɗe ka. Daga HDD zuwa SSD na SATA sai ka ce sabuwar kwamfuta aka sayo. Daga SATA zuwa NVMe, wanda aikinsa rubutu ne da lissafi da intanet da ƙyar zai lura. Mai tace bidiyo da mai kwashe manyan fayiloli kullum su ne za su ga amfanin ƙarin kuɗin.

Saboda haka tsarin da ya fi dacewa da yawancin mutane shi ne ma'adana biyu: SSD ya ɗauki Windows da manhajoji da aikin da ake kai, HDD ya zama rumbu na bidiyo da hotuna da tsofaffin ayyuka. Wanda duk kayansa ba su kai TB 1 ba, ya sa SSD kaɗai a ciki, kuɗin HDD ɗin ya sayi na waje don ajiye kwafi. Ɗora Windows 11 a kan HDD, ko da mai sauri irin WD Black ne, wahalar da kai ce.

Buɗe akwatin kafin ka tafi kasuwa

Kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bango, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wutar ta zube, sannan ka buɗe murfi. Taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa komai a ciki. Abu huɗu kake nema.

Na farko, gurbin M.2 a kan madabod, wato babban allon da komai ke jone a kansa: ɗan siririn baki ne a kwance, da ramin ƙaramin noti a gabansa, galibi an rubuta 2280 a gefe, wato faɗin milimita 22 da tsawon 80. Tsofaffin kwamfutocin ofis na hannu da suka cika shaguna, irin su Dell OptiPlex 7010 da 9020 masu babban akwati, ba su da shi. OptiPlex 7040 yana da shi. A nan mutane ke yawan asara, domin M.2 siffa ce kawai, abin da ke tafiya a cikinta iri biyu ne, SATA ko NVMe. Wanda bakinsa ke da giɓi biyu akasari SATA ne, mai giɓi ɗaya NVMe. Wani gurbin yana karɓar duka biyun, wani ɗaya kawai, kuma zai iya shiga daram a ɗaure noti amma kwamfuta ta ƙi ganinsa. Littafin madabod ɗin, wanda ake saukewa daga shafin kamfanin da lambar samfuri, shi ke raba gardama. Ka kuma lura da gajerun gurabe masu lamba 2230: a kwamfutocin ofis da yawa na katin Wi-Fi ne, ba na ma'adana ba.

Na biyu, kafofin SATA. Akwai masu Gb 3 a daƙiƙa, waɗanda ba sa wuce kusan MB 280, akwai masu Gb 6. Madabod mai cif ɗin Intel H61 ba shi da mai 6 ko ɗaya, B75 yana da guda, Q77 da H81 suna da biyu-biyu. A irin waɗannan ka ba SSD kafar da aka rubuta SATA0 ko wadda launinta ya bambanta, HDD da na'urar DVD su ɗauki sauran. Ko a kafa mai Gb 3 ɗin ma SSD ya fi faifai nesa ba kusa ba, don haka tsufan kwamfuta ba hujja ba ce ta fasawa. A sababbin madabod kuma, wani lokaci cika gurbin M.2 yana kashe kafar SATA ɗaya ko biyu saboda hanya ɗaya suke rabawa. In ka sa NVMe tsohon faifanka ya ɓace, sauya masa kafa kafin ka ce ya ƙone.

Na uku, bakin wuta. Kowace ma'adanar SATA waya biyu take so: siririya mai fil 7 ta bayanai, da mai faɗi mai fil 15 daga fawa-fak, akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta. Ƙananan akwatunan Dell da HP da Lenovo sau da yawa baki ɗaya ko biyu kawai suke da shi, sai an sayi mai raba baki ɗaya zuwa biyu. Guji arhar adaftar nan da ke mai da tsohon baki mai fil 4 zuwa SATA, musamman wadda aka narka roba a kan wayoyinta. An sha ganin ta narke ta kama da wuta.

Na huɗu, wurin zama. HDD na tebur inci 3.5 ne, SSD na SATA inci 2.5. In babu gurbin 2.5, akwai 'yar tire ta ƙarfe ko roba da ke cike giɓin. SSD ko da tef mai manne biyu aka kafe shi ba ya damuwa. HDD kuwa dole a ɗaure shi da notuna huɗu, don girgiza tana hana allura zama a kan layi.

Ana iya sa NVMe a kwamfutar da ba ta da M.2 ta hanyar katin PCIe, zai yi aiki a matsayin ma'adana ta biyu. Amma yawancin madabod da aka ƙera kafin 2014 ba sa iya tada Windows daga kansa. Ga irin waɗannan SSD na SATA ne hanya mafi sauƙi.

Zaɓen SSD

GB 128 ya yi kaɗan a yau, sabunta Windows kaɗai zai shaƙe shi. GB 256 na iya riƙe kwamfutar ofis ko ta shagon buga takardu, 500 shi ne ma'auni mai daɗi, mai wasanni da mai bidiyo su fara daga TB 1. SSD yana son a bar masa fili, kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. In ya cika maƙil saurin rubutunsa yana faɗuwa. Kuma kada ka zargi mai shago idan ka ga GB 500 ya fito 465, TB 1 ya fito 931, TB 4 ya fito 3.63. Kamfani da dubu-dubu yake ƙirga, Windows da 1,024.

A kan saurin kwali, duk SSD na SATA Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, 500 zuwa 560. Abin da ya raba su yana ciki. Akwai TLC, mai ajiye bit uku a kowane ɗan gurbi, akwai QLC mai huɗu. QLC ya fi arha, amma ya fi saurin gajiya, kuma yana da wata ɗabi'a da za ka gani da idonka ranar da kake kwashe babban abu. Ka ɗauko GB 100 na bidiyo, da farko layin Windows zai miƙe a sama yana ba da 450 ko 500. Can sai ya rikito ƙasa, wani har ƙasa da 100, ya gaza HDD. Ba lalacewa ba ce. Wani ɗan sashe mai sauri da yake tarbar bayanai da shi ne ya cika, ya koma ainihin ƙarfinsa. TLC ma yana da wannan faɗuwar, sai dai ba ta kai haka zurfi ba.

Sai DRAM, ƙaramar ƙwaƙwalwar da SSD ke ajiye taswirar inda kowane bayani yake. NVMe marar DRAM yana aron kaɗan daga RAM ɗin kwamfuta, don haka rashinsa ba babban aibi ba ne. Na SATA ba shi da wannan dama, shi ya sa masu arha irin Kingston A400 kan ɗan sarƙe idan aiki ya yi yawa, alhali Samsung 870 EVO da Crucial MX500 masu DRAM ba sa haka. In Windows za ta zauna a kan SATA, mai DRAM ya cancanci ƙarin kuɗinsa.

Tsoron cewa SSD yana ƙarewa da rubutu an zuzuta shi. Ana auna shi da TBW, adadin TB da kamfani ya lamunce za a rubuta. Samsung 870 EVO na TB 1 yana da 600 da garantin shekara 5. 870 QVO, wanda yake QLC, yana da 360 da shekara 3. Wanda ke rubuta GB 40 kullum ba fashi sai ya yi shekara 41 kafin ya cinye 600. Abin da ya fi kashe SSD a zahiri shi ne na'urar da ke sarrafa shi ta mutu farat ɗaya, ko wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, ko kuma tun asali jabu ne.

Jabun yana da yawa, kuma nauyi ba ya tona shi, don ko gangariyan in ka buɗe ɗan ƙaramin allo ne a cikin babban gida. Wani an sauya masa takarda, wani an yi masa siddabaru yana nuna TB 2 alhali cikinsa bai wuce GB 64 ko 128 ba. Irin wannan zai yi ta karɓar fayiloli, sunayensu na nan a folda, amma duk abin da ya haura ainihin cikinsa ya tafi ke nan. Manhajar H2testw, kyauta ce, tana cika ma'adana da bayanai sannan ta karanto su ta gaya maka nawa suka dawo lafiya. Samsung Magician kuma tana tantance ko na Samsung ɗin na gaske ne. Duk SSD da kuɗinsa bai kai rabin na takwarorinsa ba, akwai lauje cikin naɗi.

Zaɓen HDD: tambayi CMR ne ko SMR

Kamfanoni uku suka rage masu ƙera HDD a duniya: Seagate, Western Digital da Toshiba. Seagate ya haɗiye Maxtor a 2006, ya karɓi sashen faifan Samsung a 2011, Western Digital ya sayi na Hitachi a 2012. Wanda ya miƙo maka faifan ciki na Maxtor ko Samsung ko Hitachi ya ce sabo ne dal, ka san shekarunsa tun kafin ka jona shi. Gardamar wane kamfani ya fi wani ba ta da amfani sosai. Kamfanin Backblaze na Amurka, mai dubban ɗaruruwan faifai da ke wallafa alƙaluman mutuwarsu, yakan samu kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari suna mutuwa a shekara, amma tsakanin samfuri da samfuri tazarar babba ce. Seagate ST3000DM001 na TB 3 ya yi ƙaurin suna wajen mutuwa, alhali wasu samfuran kamfanin sun yi ƙarko.

Abin da ya kamata ka fi sa wa ido shi ne yadda faifan ke shimfiɗa layukansa. A CMR kowane layi zaman kansa yake. A SMR an ɗora gefen layi a kan gefen na kusa da shi, kamar yadda ake jera kwanon rufi, don wuri ya ƙaru kuɗi ya ragu. Karatu ba matsala. Amma wanda zai sauya fallen kwano ɗaya a tsakiyar rufi sai ya ɗaga na kusa da shi. Haka faifan SMR, don gyara ɗan bayani sai ya sake rubuta dukan rukunin. Yana ɓoye wannan ta hanyar tara sabon rubutu a wani keɓaɓɓen fili, ya jera daga baya in ya samu sarari. Ranar da filin ya cika, gudu zai faɗo daga 180 zuwa 20 ko ƙasa, wani lokaci ya tsaya cak na 'yan daƙiƙoƙi, Task Manager na nuna 100%. A 2020 asirin ya tonu cewa kamfanonin uku duk suna sayar da SMR ba tare da sun rubuta ba, abin ya fi zafi a kan WD Red, har Western Digital ya fitar da Red Plus don ware masu CMR.

Harafi ɗaya kacal kan raba su. WD40EFAX SMR ne, WD40EFPX CMR. WD Blue na TB 1 mai lamba WD10EZEX CMR ne mai juyi 7,200, WD20EZAZ na TB 2 SMR. BarraCuda ST1000DM010 CMR ne, ST2000DM008 da ST4000DM004 SMR. WD Black na inci 3.5, Red Plus, IronWolf, Toshiba X300 da N300 duk CMR ne. Tsaya a gaban kanta ka rubuta lambar a wayarka, takardar bayanan kamfanin yanzu tana faɗa ƙarara.

SMR ba haramun ba ne. In faifan na jibge finafinai da hotunan biki ne, a zuba sau ɗaya a yi ta kallo, zai yi, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa. Ga mai tace bidiyo, mai manhajar lissafin shago, mai sauke abubuwa dare da rana, ko mai niyyar haɗa RAID, wato haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, CMR kawai.

Juyi 7,200 ya fi sauri, 5,400 ya fi sanyi da shiru da ƙarancin cin wuta. Tunda SSD ya ɗauke nauyin Windows, 5,400 ya ishi rumbu, a wurin zafi ma shi ya fi. Tsawon garanti yana nuna yadda kamfani ya yarda da kayansa: WD Blue da BarraCuda shekara 2, Red Plus da IronWolf 3, WD Black da Gold da Exos 5. An ƙera BarraCuda don aikin TB 55 a shekara, IronWolf 180, Exos 550. Kwamfutar da ba a kashe ta, kamar ta shagon intanet ko ta ɗakin tace bidiyo, ta fi dacewa da IronWolf.

WD Purple da Seagate SkyHawk na kyamarorin tsaro ne. Suna aiki a kwamfuta, sai dai na hannu daga cikinsu sun kwana suna rubutu shekara da shekaru. Faifan saba, wato manyan kwamfutocin kamfanoni, mai rubutun SAS kuwa, duk arharsa ka bar shi, madabod na gida ba ya magana da shi. Duba bakinsa: a SATA akwai giɓi tsakanin wurin wayar bayanai da na wuta, a SAS an cike giɓin. Wasu manyan faifan SATA na saba kuma sukan ƙi juyawa da tsohon fawa-fak, saboda wutar 3.3V da ke shiga fil na uku tana umartar su da su kwanta. Ɗan tef a kan fil ɗin yana magance wannan.

Ba a cinikin biri a sama

Ko a Farm Centre ta Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, yawancin faifan da ke kan kanta na hannu ne, an ciro su daga kwamfutocin ofisoshin waje. Na hannu ba laifi ba ne matuƙar ka san abin da ka saya. Jakar leda mai ƙyalli ba shaida ba ce, kowa na iya liƙe ta. Je da manhajar CrystalDiskInfo a filas, ka nemi a jona faifan a gabanka.

Za ta nuna Good da shuɗi, Caution da rawaya, Bad da ja. Kada ka tsaya a launi. Shiga Function, Advanced Feature, Raw Values, ka zaɓi 10 DEC don lambobin su fito yadda ake karanta su. Sannan ka dubi ginshiƙin ƙarshe na layuka uku. Layi 05 yana ƙirga guraben da suka lalace aka musanya su. C5 guraben da aka kasa karantawa ne suke jiran hukunci. C6 waɗanda suka gagari gyara. Duka ukun sifiri ake so. Ko 8 ka gani a ɗaya daga ciki, ajiye faifan, ko da an rage maka rabin kuɗi. Binciken da Google ya fitar a 2007 a kan faifai sama da 100,000 ya nuna cewa wanda ya musanya gurbi ko sau ɗaya ya ninka lafiyayye fiye da sau 14 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Binciken ya kuma gano sama da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba sam, don haka Good ba rantsuwa ba ce.

Layi C7 idan yana hawa, yawanci wayar SATA ce ta lalace ko ba ta zauna ba, ba faifan ba. Sauya waya ka ga ko lambar ta daina ƙaruwa. A faifan Seagate layi 01 da 07 kan nuna miliyoyi, haka tsarinsu yake, kada su firgita ka.

A sama ta dama akwai Power On Hours. Shekara ɗaya awa 8,760 ce. Faifai mai awa 35,000 ya yi shekara huɗu cur yana juyi. Ƙasa da 15,000 da lambobi masu tsabta ciniki ne mai kyau, sama da 40,000 sai dai a zuba masa abin da ba za a yi kukan rashinsa ba. Ana iya goge wannan lamba. A farkon 2025 an gano tsofaffin faifan Seagate Exos da aka mai da awanninsu sifiri aka sayar a matsayin sababbi a Jamus da wasu ƙasashe. Abin da ya tona su wani kundi ne na biyu a cikin faifan mai suna FARM, wanda manhajar smartmontools daga 7.4 zuwa sama ke karantawa da umarnin smartctl -l farm. Hanya mai sauƙi ita ce ka gwama ranar ƙira da ke jikin takarda da awannin. Faifan 2016 mai awa 3 da shatar noti a ramukansa, ka san an yi masa wanka. Lambar siriyal ta takarda ta dace da wadda manhaja ta nuna, ka kuma sa ta a shafin garantin kamfanin. A SSD na hannu, dubi kashin lafiyarsa da Total Host Writes ka auna da TBW ɗinsa.

Kasa kunne lokacin da ya tashi. Ƙarar juyi mai santsi da 'yar kurkur idan yana aiki lafiya ce. Ƙwas-ƙwas mai maimaituwa, ko ya tashi ya mutu ya sake tashi, alamar allura ce ta samu matsala.

Gwajin shago minti biyar ne, na gaske a gida yake. Nemi garantin shago a rubuce a kan rasit, da lambar siriyal, aƙalla mako biyu. A gida yi masa cikakken fomatin, wato ka cire alamar Quick Format, Windows za ta bi kowane gurbi ta rubuta sifiri. Ko ka sa dogon gwaji na SeaTools, wanda ke karɓar faifan kowane kamfani. TB 1 yana cin kusan awa biyu, TB 4 bakwai zuwa takwas, don haka zaɓi lokacin da wuta za ta zauna. In an gama sake duba 05 da C5 da C6. Ko ɗaya ya motsa daga sifiri, mayar da shi. Sabo fil ma a yi masa haka, domin wahalar hanya kan kashe faifai tun bai fara aiki ba.

Haɗawa

In Windows sabuwa za ka ɗora, zare wayar duk sauran ma'adanai ka bar SSD ɗin kaɗai. In ba haka ba takan ajiye fayilolin tashi a kan tsohon faifai, ranar da aka cire shi kwamfuta ta ƙi tashi. A BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a sa SATA a kan AHCI tun kafin a fara. Kwamfutocin Dell da yawa suna zuwa a kan RAID On, abin da kan sa Windows ta ce ba ta ga NVMe ba. In tsohuwar Windows ɗin kake so da kayanta, Clonezilla ko manhajar kamfanin SSD ɗin za ta kwafe ta gaba ɗaya, muddin abin da ke ciki bai fi sabon wurin yawa ba kuma tsohon faifan ba shi da ruɓaɓɓun gurabe.

Sabon HDD ba zai fito a This PC ba sai ka danna Windows da X, ka shiga Disk Management, ka amsa tambayar Initialize. Zaɓi GPT. MBR ba ya ganin abin da ya haura TB 2, sai ka sayi 4 ka ci rabi. Daga nan New Simple Volume, NTFS.

Wuta, zafi da kwafi

Faifan da zai shekara takwas a ofis mai sanyi da tsayayyiyar wuta ba lallai ya kai haka ba inda ake ɗauke wuta sau biyar a yini ana juyawa zuwa janareta. Kowace ɗaukewa tana tilasta wa HDD janye allura cikin gaggawa, kuma fayil ɗin da ake rubutawa na iya lalacewa. SSD yana iya rasa taswirarsa gaba ɗaya. CrystalDiskInfo na ƙirga wannan, a layi C0 ga HDD, a Unsafe Shutdowns ga NVMe. Ƙaramin UPS mai 650VA ya ishi kwamfutar ofis 'yan mintocin da za a ajiye aiki a kashe ta. Batirinsa kan mutu shiru, zafi kuma yana rage masa kwana, don haka lokaci-lokaci zare shi daga bango kwamfuta na kunne ba a kan muhimmin aiki ba, ka ga ko zai riƙe. Fawa-fak marar inganci shi ma yana cin faifai, domin HDD na inci 3.5 yana jan kusan amfiya 2 a layin 12V lokacin tashi.

An ƙayyade wa yawancin HDD na tebur digiri 60 a matsayin iyaka, amma 30 zuwa 45 ake so. A bazarar Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, da iskar ɗaki kanta ke haura 40, faifan da ba fanka a gabansa zai wuce 50 cikin sauƙi. Fanka ɗaya mai milimita 120 ko 92 a gaban akwati tana hura masa iska tana sauke digiri da yawa. Kada a manna faifai biyu ba tazara, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a busa ƙura da bulowa bayan hunturu. NVMe idan ya doshi 70 zuwa 80 yakan rage gudu da kansa, ɗan ƙarfen sanyaya da ake manna masa yana hana haka.

Ranar da HDD ya fara ƙara, ko fayiloli suka fara ƙin buɗewa, ko C5 ya tashi, kada ka yi masa fomatin ko umarnin duba faifai na chkdsk da sunan gyara. Kwashe abin da ya fi muhimmanci tukuna, kowane ƙarin juyi yana iya zama na ƙarshe. SSD kuwa sau da yawa ba ya sallama, jiya lafiya yau BIOS ba ta ganinsa, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi wuya da tsada. Raba faifai ɗaya zuwa C da D ba kwafi ba ne, in ya mutu tare za su tafi. Faifai na biyu a cikin akwati ɗaya ma wuta mai ƙarfi ɗaya ce za ta ƙone su duka. Kwafin kirki yana kan HDD na waje da ake jonawa sau ɗaya a mako a zare, takardu masu muhimmanci kuma a ƙara da Google Drive ko OneDrive. Don ajiyar shekaru a cikin durowa HDD ya fi SSD, saboda cajin da ke riƙe bayanan SSD yana tsiyayewa in ba wuta. Ma'aunin masana'antar shekara ɗaya kawai ya lamunce wa SSD da ya cinye TBW ɗinsa, a zafin digiri 30, kuma ɗakin da ya fi haka zafi yana gajarta wa'adin.